Karkataccen Dagi a Zongon Lome

Sunansa Habibu. Ɗana ne na fari, kuma a gidanmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari. Shekara ashirin da bakwai "kai" nake ce masa, ko "yaron nan" idan ba ya wurin. Na rubuta sunan ne don mai karatu ya san wanda ake magana a kansa. Inda ya sake fitowa a gaba, a bakin wasu yake.

Ni magini ne a birnin Zariya, aikin ƙasa da adon bango na gada. Shi bai bi ni ba. Ya yi karatun kwamfuta, ya bi wasu abokai zuwa Lome, ya shekara uku a can. A wayar ƙarshe da muka yi ya ce, "Baba, na yi wani aiki a bango, ina so ka zo ka gani." Na ce, "Bango ne babu a Zariya?" Ya yi dariya, ya ce wannan sai da waya ake ganin abin da ke jikinsa. Na ce aikin da hannu ba ya taɓawa, ruwa ba ya jiƙawa, ni ban san sunansa ba. Bayan 'yan makonni mota ta buge babur ɗin da ya hau. A ranar aka binne shi. Na kama hanya don in riski sadakar arba'in, in kuma ga bangon. Uwarsa ta ce, "Ka gani da idonka, ka zo ka faɗa min." Saƙon da na ɗauka ke nan.

A iyakar Seme wani mutum ya tare ni da Hausa tsantsa, irin ta Kano. Ya ce, "Baba, kawo jakar. In ka bi layi da kaya, yini za ka yi." Jin harshen gida ya sa na saki jiki. A cikin jakar akwai kilishi da dakuwa da turmin atamfa, tsarabar da uwarsa ta haɗa wa mutanen da suka yi masa wanka da sutura. Na tsallaka, na tsaya inda ya ce in tsaya, a gindin wata itaciya, har inuwarta ta bar ni. Bai zo ba. Ba kayan ne suka ƙona min rai ba. Zan shiga gidan mutanen da suka binne min ɗa hannu rabbana.

A Kwatano bakina ya mutu. Ba Hausa, ba ɗan Turancin da na iya. Da yatsa na sayi ruwa, da yatsa na tambayi alƙibla, wani ya nuna min gabas, wani ya nuna min banɗaki. Daga nan har iyakar Togo teku yana gefen hagu. Ban taɓa ganinsa ba, kuma yaron ya sha ce min in na gan shi zan rasa ta cewa. Na duba sau ɗaya, na mai da kaina cikin mota.

A Lome ba a zuwa ko'ina sai a babur ɗin haya, zemijan suke ce masa. Na daɗe a tasha ina kallonsu suna giftawa. Da na ga ba makawa na hau, na riƙe ƙarfen baya, na rufe ido. Na ce wa mai babur Zongo, unguwar Hausawa inda yaron ya zauna. Ya sauke ni a tsakiyar gari, gaban wasu dogayen benaye masu gilashi, ya nuna ƙasa ya ce, "Zongo," ya yi gaba. Babu masallaci, babu mai hula ko ɗaya. Wata mata mai gasa ayaba a bakin titi ta ga ina ta juyi. Ta turo min bencinta, ta ba ni ruwa, ta ce "wezon", wanda daga baya na ji sannu da zuwa ne a yarensu. Ta sa aka kira wani mai goro da ya iya Hausa. Shi ya ce min nan ne Zongo a da, an daɗe da tashinsa zuwa can arewacin gari, kuma kowane mai babur ya san haka, nisan ne wancan ya ƙi. Matar ta tsayar da wani babur da kanta, ta yi wa mai shi faɗa tun bai yi laifi ba, ta naɗe min ayaba biyu a takarda. Ban san sunanta ba. Ina sa ta a addu'a.

Gidan da yaron ya zauna na Hajiya Azumi ne, dattijuwa mai sayar da atamfa. Kakanta daga Katsina ya zo fataucin goro. Ita ba ta taɓa taka Najeriya ba, amma in ta buɗe baki sai ta ce "mu Katsinawa". Ta tarbe ni a tsakar gida, ta yi min ta'aziyya da Hausarsu ta Zongo mai gauraye da Faransanci. Na faɗa mata abin da ya sami tsaraba, kaina a ƙasa. Ta ce, "Malam, tsarabarka ta riga ka zuwa da shekara uku. Zauna ka sha ruwa."

Idon magini ba ya hutawa ko a gidan makoki. Tun daga ƙofa na ji warin fenti. Dogon bangon tsakar gidan, wanda ke kallon ɗakin yaron, an yi masa sabon yaɓen siminti, an shafa masa fari fat. Aikin gaggawa ne. Har na ce a raina, wanda ya yi wannan bai bari ya sha iska ba.

Washegari Bawa mahauci, maƙwabcinsu, wanda ya shiga kabarin ya kwantar da shi, ya kai ni maƙabarta. Ruwan sama ya daidaita ƙasar. Ya tsaya tsakanin kaburbura biyu ya ce wannan ne. Ya sake dubawa ya ce a'a, yana jin wancan ne. Kunya ta kama shi har ya kasa kallona. Na tsaya a tsakaninsu na yi addu'a ta ishi duka biyun. Na dawo da sanin cewa bangon nan kaɗai ya rage min.

Bayan an watse daga sadaka wata budurwa ta shigo da jaka a kafaɗa. Nafisa sunanta, haifaffiyar Lome, tare suke aiki da yaron a wani ɗakin masu zane a unguwar Jijole. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, "Baba, na zo in nuna maka aikin." Ta ciro waya, ta juya wajen bangon. Sai ta tsaya. Ta juyo ta dubi Hajiya.

"Hajiya, ina zanen?"

"Na sa an gyara wurin," in ji Hajiya. "Baƙo zai zo daga Najeriya, a tara mutane sadaka, bango duk tsaga da baƙin fenti?"

"An kankare, ko a kai aka shafa?"

"An kankare mana. Ni ba na aikin rabi."

Nafisa ta zauna a gefen tabarmata, ta yi min bayani a hankali kamar ana lallashin mara lafiya. Aikin nasu, reyalite ogmante suke ce masa da Faransanci. Mai zane yana yin abu biyu. Ɗaya a bango, kowa na gani. Ɗaya a cikin waya, mai motsi da sauti. In ka ɗora idon wayar a kan zanen bangon ta gane shi, sai na cikin wayar ya fito a kansa, kamar daga jikin bangon yake tsirowa. In babu zanen, wayar makauniya ce.

"Aikin yana nan, Baba, bai ɓata ba. Hanyar shiga ce babu."

Na ce to ta faɗa min abin da ke ciki, in kai wa uwarsa. Ta ce ba ta sani ba. A wayarta ya sa shi don tata ta fi tasa ido, ya kuma sa ta yi alkawarin ba za ta buɗe ba sai na zo. "Sau nawa na shigo gidan nan bayan rasuwar, zanen yana kallona, wayar tana jakata," ta ce. "Da ma na karya alkawarin."

Ban iya ganin laifin Hajiya ba. Mace ce da ta kashe wa ɗana ƙishi shekara uku, kuma don ta girmama ni ta yi abin da ta yi. Fushin ya rasa inda zai sauka.

Abin da ya rage shi ne wayar yaron, wadda ta farfashe a haɗarin. Hoton zanen yana cikinta. Aka ce akwai wani mai gyara a unguwar Totsi da babu abin da ya fi ƙarfinsa. Muka kai masa. Ya juya ta, ya hura, ya ce gobe. Kwana uku ina hawan zemijan zuwa Totsi ina dawowa, ido a rufe, kullum gobe. Ran na huɗu ya miƙo mana ita a leda, ya ce ba ta gyaruwa. Nafisa ta auna ta a tafin hannu, ta ɓalle bayanta da farce. Ya kwashe duk abin da ke da amfani a ciki. Ta yi ta yi masa masifa, mutane suka taru. Ni ina tsaye riƙe da kwanson wayar, ba ni da kalma ɗaya ta yarensu da zan zage shi da ita. Ban taɓa sanin mutum yana buƙatar harshe ko don ya yi fushi ba.

Hajiya ce ta samo hoton, don ita ma abin ya hana ta cin abinci. Ta bi gida-gida har aka samu wani a wayar wata maƙwabciya, wanda aka ɗauka ran sunan jikarta. Mata ne jere cikin anko sun rufe bangon, sai ɗan abin da ya leƙo ta saman ɗankwalayensu. Nafisa ta ɗora wayarta a kai, ba abin da ya motsa. Na ce a ba ni in gani. Ta buɗa min hoton da yatsu biyu. Zanko biyu a sama, tsinin nan na kan soro, takobi a kwance a ƙarƙashinsu, sai kan dagi, ƙullin nan namu mai hannu huɗu.

Na ce, "Wannan ƙofar zaurena ce."

Adon da na yi da hannuna a saman ƙofar gidanmu, shi ya kwafa da baƙin fenti. Nafisa ta ce a kira gida a ɗauko hotonsa a turo. Na ce ba na buƙatar hoton abin da hannuna ya yi. Na juya wajen Hajiya na roƙi bangonta.

"Jiya-jiya fa na shafa, Malam."

"In na gama zan mayar miki da yaɓen da ya fi wannan."

"Wato nawa bai yi ba."

"Ba ke kika yi ba, Hajiya."

Ta ce a kawo min tsani.

Na auna da taƙi, na fitar da shi da gawayi, na bi da fenti. Yini guda na yi. Bawa ya shigo da la'asar, wuƙaƙensa a hammata, ya tsaya yana kallo. Ya ce, "Ikon Allah. Ɗa ya ɓata bango, uba ya taso tun daga Najeriya ya ƙarasa." Hajiya ta ce ya je ya wanke ƙarnin jikinsa kafin ya yi maganar ado. Na sauko na duba aikina. Ya fita tsaf, kowane hannun dagin daidai da ɗan'uwansa. Ko a gidan hakimi ban yi wanda ya fi shi ba.

Nafisa ta ɗaga wayar. Wani jan abu ya gifta a saman, wajen zankwayen, kamar ƙiftawar ido, ya ɓace. Ta matsa, ta ja baya, ta karkata. Ya sake giftawa ya ɓace. Ta ce wataƙila rana ce ta yi yawa. Muka jira inuwa. Ta ce wataƙila rezo ne, wato layin waya. Ta ce ko layukan sun yi siriri, na ƙara musu kauri. Kwana biyu muna haka. Gara a ce babu, da a riƙa nuna maka gefen riga ana janyewa.

Ran na biyu da yamma haƙurina ya ƙare. Na ce mata, "'Yar nan, ajiye abin nan. Ni na san aikina daidai yake. Aikin da hannu ba ya taɓawa, ruwa ba ya jiƙawa, dama ba aiki ba ne."

Ta sauke wayar, ta dube ni. Ta ce, "Haka ya ce za ka ce."

Ta ɗauki jakarta ta tafi. Na shiga ɗakinsa na ninke kayana. Na yanke cewa da safe zan kama hanya, in je in ce wa uwarsa na ga bango fari.

Da safe Hajiya ta kawo min koko da ƙosai. Ta zauna a kujerarta tana kallon zanen, tana neman abin da za ta faɗa ta sanyaya min rai.

"Ko ba komai ka bar min abu mai kyau," ta ce. "Naka ya fi nasa. Allah ya ji ƙan Habibu, amma nasa hannu ɗaya a karkace yake, na hagu, ya sunkuyo kamar wuyan kaza mara lafiya. Na ce masa ya gyara, ya yi ta dariya. In faɗa maka gaskiya, Malam, ba don tsagar kaɗai na sa aka kankare ba. Na ji an ce babansa babban magini ne. Na ce kada ka zo ka ga ɗanka bai iya miƙe layi ba."

Na ajiye kokon.

Yaron yana ɗan shekara huɗu nake adon nan na ƙofar zaurenmu. Ina kan tsani, ina jan hannun hagu na dagin a ɗanyar ƙasa, ya biyo ni yana hawowa. Tsanin ya girgiza, yatsana ya zame, shi ya faɗi ya karye a hannu. Na ɗauke shi a guje zuwa wajen mai ɗori. Kafin mu dawo ƙasar ta bushe da karkatarta. Magina 'yan'uwana sun yi shekaru suna tsokanata da ita. Duk shekara ina cewa bana zan gyara, aikin mutane ya hana ni. Da na hau tsanin Hajiya ban manta da ita ba. Ina sane na miƙe ta. Ban so a ga kuskurena a ƙasar mutane.

Na roƙi Bawa ya je ya nemo min Nafisa. Kafin su zo na shafe hannun da ragowar farin fenti, na jira ya bushe, na ja shi yadda yake a gida, ya sunkuyo, da ɗan lanƙwasar nan a ƙarshe inda yatsan ya zame. Ban auna ba. Hannuna ya san hanyar.

Ta zo ba ta gaishe ni da fara'a ba, amma ta durƙusa. Na ce, "Ki yafe min maganar jiya." Ta dubi bangon ta ce, "Baba, ai ka ɓata shi." Na ce ta ɗaga wayar.

A cikin gilashin, baƙaƙen layukan suka kumbura suka zama jar ƙasa. Farin simintin Hajiya ya koma bangon Zariya, har da zanen da ruwan indararo ya bari. Sai ga hannaye biyu, ba jiki, cike da ƙasa, suna bin layin dagin suna shafawa. Akwai tabo a babban yatsan dama. Nawa ne. Na tuna zuwansa na ƙarshe da Sallah, ina kan tsani ina toshe wata tsaga, yana ƙasa da waya a hannu. Hannayen suka zagaya har suka iso hannun hagu, suka tsaya. Wani ƙaramin hannu na yaro, wanda ya zana da kansa, ya fito daga ƙasa ya dafa kan karkatar.

Sai sauti. Kukan tattabarun gidanmu. Sannan muryata, da faɗa: "Kai, ajiye wayar nan ka miƙo min ƙasa."

Yaron ya yi 'yar dariya. Ya ce, "To, Baba. Ga ni nan."

Daga nan aikin ya koma farko.

Hajiya ta ja mayafi ta rufe fuska. Bawa ya fita bai yi sallama ba. Hannun Nafisa ya kama rawa, hoton ya riƙa ɓacewa. Na karɓi wayar. Shekara arba'in ina jan layi a kan tsani, hannuna ba ya rawa. Na riƙe ta har cajinta ya ƙare.

Da zan tafi na tuna wa Hajiya alkawarin yaɓe. Ta ce duk wanda ya taɓa bangon nan, ko ni ne, sai ta kai shi gaban liman. Nafisa ta raka ni tasha, ta tura aikin cikin wayar ƙanwarsa da ke gida, ta koya mata ta waya yadda ake buɗewa. Hanyar dawowa ba ta fi ta zuwa daɗi ba, sai dai a Seme na rungume jakata.

A gida ƙanwar tasa ta ɗora wayar a kan ƙofar zauren kanta, inda abin ya samo asali. Wayar ba ta gane ta ba. Ƙasa ce a kan ƙasa, babu baƙi babu fari. Muka gwada da safe, muka gwada da yamma. Uwarsa tana tsaye a soro tana kallonmu. Washegari na shafe bango ɗaya na ɗakinta da farar ƙasa, na zana dagin da baƙi, hannun hagu a sunkuye.

Ita ma ba ta taɓa kiran sunansa ba, kunyarta ta fi tawa. Yanzu wani lokaci da hantsi ina zaure nakan ji tattabarun sun yi kuka sau biyu, na gida da na waya. Nakan ji kaina ina faɗa. In ya ce ga ni nan, takan amsa masa a hankali, ta ce, "To, shigo."